Ranar da Aka Yanka Mani Tif

Malam Sada ya yanka mani sabon tif, ya yi kyauta da famfona, ya tura ni daji tsakiyar damina hannu wofi. Mutum ya mutu, sannan Malam Sada ya miƙe gaban jama'a ya ce lalacina ne ya kashe shi. Abin da aka yi mani ke nan, na faɗe shi tun farko don kada a ce na yi ta kewaye-kewaye. Ranar nan ba ta taɓa fita raina ba, ni ma ban nemi ta fita ba.

Ku yaran da aka ɗauka aiki bayanmu kuna yi mani dariya don ina shiga ko'ina da ƙunshin kekena a hammata, har masallaci. Kuna cewa Baba Rabe ya fi son famfo da iyalinsa. Kuna kuma tambayar junanku yadda aka yi mutum ya daɗe haka a aiki bai wuce masinja ba, da abin da ya sa aka taɓa jefa ni Sabuwa. To ga amsa. Ban yi boko mai nisa ba, a elementare na tsaya, don haka yadda bakina yake haka rubutun zai zo maku.

Shekarun da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa ne, muna ƙarƙashin Kaduna, ba a ko fara zancen jihar Katsina ba. Ina masinja a wani ɗan ofishin lafiya a ƙasar Faskari. Malam Sada ne shugaba, shi ke riƙe da makullin komai. Ƙarƙashinsa akwai akawu da malaman duba-gari, sai disfensa-disfensa da ke zaune a ƙauyuka suna ba da magani. Daga ƙasa ni, sai maigadi Baba Iro. A ofishinmu kaɗai ake da firij mai aiki da kananzir, don haka duk maganin da ba ya son zafi wurinmu yake kwana, har da allurar saran maciji. Ƙa'ida kuwa ba a danƙa wa ɗan'uwan majiyyaci wannan allura a hannu. Ma'aikaci ke ɗauka ya kai wa disfensa. Ma'aikacin nan kuwa ni ne.

Gidanmu na wani ƙauye a hanyar Tafoki, daga can nake zuwa aiki kullum bisa keke, rani da damina. Kowane lokaci da irin wahalarsa. Da sanyi yatsu ke ƙagewa har su kasa matsa birki, sai in sa tsohuwar safa a hannu, in cusa takarda a ƙirji ƙarƙashin riga, in shafe leɓe da man kaɗanya. Da bazara faci ke ɗagowa don zafi, dole ka rage wa taya iska ka nema wa keke inuwa kafin ka nema wa kanka. Da kaka kuwa ƙaya ce ko'ina. Amma duk wasa ne in aka kwatanta da damina. Laka kan cushe tsakanin taya da ƙarfen da ke rufe ta har ƙafar ta ƙi juyawa, ka sauka ka saƙace da tsinke, ka yi gaba kaɗan ka sake sauka. Birki in ya jiƙe ba ya kamawa, sai ka fara matsa shi tun kana nesa da gangare. Sarƙa kuwa in ba ka ɗiga mata baƙin mai kowace safiya ba, tsatsa za ta cinye ta kana gani.

Saboda haka nake da ƙunshi a bisa kariya, wurin ɗora kaya a bayan keke. Buhun taki ne na leda, na huda mashi wurin kai da na hannuwa, shi ne rigar ruwana. A cikinsa nake naɗe famfo, da wani gwangwani mai faci da sholisho da sifana da ƙarafan ɓalle taya, sai sabon tif, wato robar cikin taya, wanda ban taɓa hurawa ba. Na ajiye shi don ranar da faci ba zai yi ba. Wanda bai taɓa tura keke mai sacewa cikin daji ba, ba zai gane darajar ƙunshin nan ba.

Sai dai a aikin ofis na lokacin akwai wata ɗabi'a. Kayan ƙarami na babba ne. In shugaba ya ga tabarmarka ko butarka ko kekenka, ɗauka zai yi, ba aro ba ne balle a tambaye ka. In ka ɓata fuska a ce ba ka da ladabi.

A shekarar aka aiko wa ofishinmu sabon babur, aka ce don aikin gaggawa ne. Malam Sada ya karɓi makulli. Tun daga ranar babur bai san wata gaggawa ba sai ta gidansa.

Tsakiyar marka ce, ana huɗar dawa. Na iso da safe na kankare laka, na jingine keke a gindin dalbejiyar ofis inda na saba. Malam Sada ya kira ni ya ce in je cikin gari in sayo mashi goro, za shi Kankara suna, ƙanwar matarsa ta haihu. Na nufi keke, ya ce, "Bar shi nan, kusa ne. Ka taka, ƙafarka ta san ƙasa."

Da na dawo na ishe babur a bakin ƙofa an yi mashi lodi. An lulluɓe kayan da buhun leda, an ɗaure tamau da baƙar roba mai sheƙi. Na san buhun, ga hudar wuyan da na yi da hannuna. Na matsa kusa, sai na ga bawul yana reto a jikin ɗaya daga cikin robobin. Na waiwaya wajen kekena, kariya fayau.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan robar fa?"

Ya ce, "Af, taka ce? Na ga tif na zaune ba ya aikin komai."

"Sabo ne, ranka ya daɗe."

"Ai shi ya sa ya ɗauru da kyau. Tsoho tsinkewa yake."

Akawu ya bushe da dariya, don duk abin da shugaba ya faɗa abin dariya ne a wurinsa. Na haɗiye, na ce to famfo da gwangwani fa? Ya ce surukinsa ne ya biyo da keke bayan na fita, tayarsa ta sace, ya ba shi ya yi gyara, ya ce ya wuce da su saboda hanya. "Zai aiko maka. Kai Rabe, famfo ne fa, ba saniya ba."

Muna cikin haka wani mutum ya shigo farfajiya yana jan ƙafa, laka har cinya, idanunsa jawur. Ya durƙusa bai ko gama gaisuwa ba. Ya ce sunansa Mati, Malam Tukur disfensa ne ya aiko shi. Ƙauyensu na can kudu, kan hanyar dajin da ke ɓullewa Sabuwa da Damari. Kububuwa ta sari yayansa Ɗanlami a gona. Sun tsaya yin maganin gida har jini ya fara fitowa ta dasashi, sannan suka ɗauke shi zuwa wurin disfensa, shi kuwa ba ya da allurar. Tun jiya Mati ke tafe a ƙasa.

Malam Sada ya zaro makulli, ya buɗe firij, ya sa kwalaben cikin fulas mai faɗin baki, ya cusa auduga, ya miƙo mani.

Mati ya dubi babur, fuskarsa ta ɗan saki. Ya ce, "Alhamdu lillahi, ashe akwai mashin. Ranka ya daɗe, rafi bai cika ba, iya gwiwa na ratso shi. Mashin zai wuce."

Malam Sada ya ce, "Wannan bai bin laka. Sabo ne, injinsa bai gama sakewa ba. Ga masinja nan, ya fi mashin sanin hanya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ni da famfo, ba faci, ba tif. Hanyar nan duk ƙaya ce."

Ya daka mani tsawa, "Mutum na can yana zubar da jini kana yi mani zancen famfo? Ka hau ka tafi, Allah zai tsare!"

Ya karɓi goronsa, ya naɗe hannun babbar riga, ya buga babur. Muna tsaye ya fita ya miƙi hanyar Kankara, bawul ɗina yana reto a bayansa.

Na garzaya rumfar mai faci, babu kowa, ya tafi gona kamar kowa a lokacin. Na leƙa gidaje biyu da na san akwai keke, masu su sun fita da su. Na dawo na ishe Baba Iro ya ba Mati ruwa. Ya ce mani, "Tahi, ɗana. Kowace tsayuwa da kake yi jini ne ke zuba." Mati ya so in goya shi, na ce a'a, tayar da ba ni da abin hura mata ba ta ɗaukar mutum biyu. Ya ce zai biyo baya in ƙafarsa ta huce. Na ɗaure fulas a ƙirji da rawani, na ɗaure ƙafar wando, na yi bisimilla.

Ban taɓa tuƙi irin na ranar ba. Ido ba ya kallon gaba, ƙasa yake kallo. Da damina manoma kan sare ƙaya su shinge gonakin da ke bakin burtali don shanu, ruwa kuwa ya kwaso guntayenta ya baje a kan hanya, ya rufe da yashi. Duk inda na ga ruwa ya bi ya bar yashi mai laushi, sai in sauka in ɗaga keke a kafaɗa in tsallake. In sauka lokaci na tafiya, in ƙi sauka taya na cikin haɗari. Kowane wuri sai na yi wannan shawara da zuciyata, ita kuwa ba ta daina nuna mani bakin mutum cike da jini ba, mutumin da ban taɓa gani ba.

Na wuce wata ruga, na tambayi wani dattijo ko akwai mai famfo. Ya ce su da sanda suka sani. Ya dubi gabas ya ce in zan ƙetare rafi in yi sauri.

Ni ma na gani. Hadari ya fara haɗuwa, ƙasa-ƙasa, baƙi. Na yi lissafi a raina cewa in na ci gaba da sauka a kowane yashi, ruwa zai riga ni rafin. Sai na daina sauka. Na miƙe bisa feda na yi ta bugawa, ina ratsa wuraren da da safe ba zan yarda in ratsa ba. Na yi nisa haka har na fara cewa Allah ya tsare ɗin da gaske.

Rana ta ɗan karkata na ji shi. Duk mai keke ya san wannan sautin, kamar maciji na huci a ƙarƙashinka. Tayar baya. Kafin in tsaya ƙarfe ya fara dukan ƙasa. Na duba, ƙayar aduwa ce ta shige har gindinta.

Da ƙunshina na nan, abin da zan yi bai wuce in zare tif in zura sabo in hura ba, kafin gumina ya bushe na hau. Na tsaya ina kallon kariya kamar kayan za su dawo.

Akwai dabarar da muke yi in ta ɓaci, a cusa ciyawa cikin taya ta maye gurbin iska. Amma sai ka ɓalle gefen tayar, ƙarafan ɓallewa kuwa suna cikin gwangwanin da ke hannun surukin Malam Sada. Na fere itace ya karye. Na sake wani ya karye. Na sa yatsu na yi ta fama har farcen babban yatsana ya ɗaye, sannan ta buɗe. Na tsittsinko gamba na murɗa na cusa, na danna da dunduniya, na mayar. Na hau. Keken na tafiya kamar jaki mai ɗingishi, kowane juyi sai ya buga mani ƙugu. Ba a jima ba ciyawar ta niƙe, na sauka na sake cusawa. Na yi haka ban san sau nawa ba. Da na gaji na bar shi a kan ƙarfe, ina ji wayoyin ƙafar suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya.

Sai iska ta taso, dawa ta kwanta, ruwa ya sauko kamar ana zubawa da masaki. Rigar ruwana tana Kankara tana rufe kayan suna. Laka ta kama ƙafafun keken duka biyu, na sauka na tura, da turawa ta gagara na saɓa shi a kafaɗa. Hannu ɗaya a keke, ɗaya a kan fulas.

Tun kafin in ga rafin na ji rurinsa. Wanda Mati ya ratsa iya gwiwa ya cika ya hau gaɓa, jawur, yana tafe da rassan itace da karan bara. A gindin wata tsamiya na ishe wani tsoho da jakinsa suna jira.

Ya ce, "Samari, ina zuwa?"

Na ce ƙetare.

"Ba yau ba. Ka zauna ya faɗa, kafin almuru ya ragu."

Na gaya mashi abin da ke ƙirjina da wanda ke jiransa. Ya ce, "Ka iya ruwa?"

Na ce iyawar ɗan ƙauye, ta tafki.

"To kada ka shiga ta mashigi, ruwa ya haƙe shi. Hau sama wajen itacen marken can. Kada ka yi faɗa da shi, ka bar shi ya kai ka, kai dai ka riƙa neman gaɓa. Bar mani keken, ba inda za ni."

Ban taɓa barin kekena hannun wanda ban sani ba sai ranar. Na tuɓe riga na naɗe fulas a ciki, na ɗora a ka, na ɗaure da rawani ta ƙarƙashin haɓa har ina jin numfashina na tsukewa. Na shiga. Gwiwa, ƙugu, ƙirji, sai ƙasa ta ɓace. Ruwa ya ɗebe ni. Abin da na riƙe a raina ɗaya ne, kai ya zauna a sama. Wani reshe ya buge ni a haƙarƙari, na sha ruwa, na ji tsohon na kiran sunan Allah da ƙarfi daga nesa. Na wuce mashigi, na wuce inda na yi niyyar fita, sannan hannuna ya kama saiwar wani itace da ruwa ya tone. Na rataya a nan har ƙarfi ya dawo mani, na ja jiki na hau. Na taɓa kaina, fulas na nan. Takalmana ruwa ya tafi da su.

Sauran hanyar da gudu na yi ta, ba takalmi, in faɗi in tashi.

La'asar ta yi sanyi na shiga ƙauyen. Kafin in kai ɗakin magani na gamu da mutane suna fita bayan gari da magirbi da shebur a kafaɗa. Ban tambaye su ba. Na ci gaba da gudu kamar ban gan su ba.

Malam Tukur na tsugune bakin ƙofa yana wanke hannu. Ya ɗago ya dube ni daga sama har ƙasa. Ya ce, "Rabe. Sannu. Ana kiran la'asar ɗin nan ya cika."

Na kwance fulas na miƙa mashi duk da haka, don ban san abin da zan yi da ita ba. Ya buɗe. Ko kwalba ɗaya ba ta fashe ba. Ya ce, "Ina babur ɗin ofis?" Na ce yana Kankara. Ya rufe fulas ya ajiye.

Ban ce da na iso da wuri Ɗanlami zai tashi ba. Wannan sanin Allah ne. Abin da na sani, da ƙunshina na bisa kariya da na ƙetare rafin nan kafin ruwa, da na ishe shi da rai, da an yi mashi allurar. Ko ta yi ko ba ta yi ba, da mun gani.

Mahaifin Ɗanlami, wani tsoho, shi da kansa ya kawo mani busasshiyar riga. Ya ga yatsana ya ga ƙafafuna, ya ce, "Ɗana, ka yi abin da ɗan'uwa zai yi. Kwana ne ya ƙare. Allah ya biya ka." Da rigarsa a jikina na bi sahun sallar gawa. Washegari na ishe tsohon mai jaki ya kai kekena gidan mai unguwar da ke kusa da rafi, na saɓo shi zuwa gida. Ƙafar baya ta tashi aiki.

Da a nan abin ya tsaya da na haƙura, kamar yadda na haƙura da wasu da yawa.

Ba a daɗe ba wani babban jami'i ya zo rangadi daga sama, ashe maganar ta kai mashi. Aka tara mu a ofishin shugaba, manya a kujeru, ni a bakin ƙofa inda masinja ke tsayawa. Suka yi ta yi da Turanci, ina tsintar abin da na iya. Na ji an ambaci babur, na ji an ambaci masinja. Sai Malam Sada ya juya harshe zuwa Hausa don kowa ya ji. Ya ce ranar babur ya lalace. Ya ce ya sallami masinja tun da hantsi da magani a hannu, amma an gan shi a hanya ya jingine keke yana shan fura ana hira. Ya girgiza kai kamar abin na yi mashi ciwo, ya ce, "Yaran nan ba su san darajar rai ba."

Jami'in ya leƙo ni ta saman tabarau ya ce, "Irin waɗannan ke ɓata mana aiki." Bai tambaye ni komai ba. Na buɗe baki, Baba Iro da ke bayana ya damƙe mani riga ya ja. Akawu, wanda ya yi dariyar tif ɗina, ya sunkuyar da kai yana gyara alƙalami. Kowane ɗan ofis a ɗakin nan ya ga babur ya fita da ƙafarsa ranar. Babu wanda ya yi tari.

Wannan shi ne abin da na koya game da aikinmu, ku riƙe shi. In abu ya lalace, laifi ba ya neman wanda ya yi shi, gangarowa yake har ya iske wanda ke tsaye a bakin ƙofa. Waɗanda suka gani kuwa kowa na da bakunan da yake ciyarwa.

Magana ba ta zama a ofis. Wata ranar kasuwa na hangi Mati a Faskari, na je da murna na miƙa mashi hannu. Ya dubi hannun bai karɓa ba. Ya ce, "Malam masinja, furar ta yi daɗi?" Ya ce babansu ya ce in riƙe rigar, ba ya son ta. Ya juya ya tafi.

Rafin nan bai yi mani abin da maganar nan ta yi mani ba.

Daga ranar na daina gaida Malam Sada. Aike zan je, shara zan yi, amma bakina bai ƙara ce mashi ina kwana ba. A wurinmu wannan ya fi zagi. Ya fara cewa a gaban mutane masinja ya yi girman kai, akwai masu neman aikin da yawa.

Baba Iro ya same ni gindin dalbejiya. Ya ce, "Rabe, na san gaskiyarka, idona ya gani. Amma kana da mata da 'ya'ya. Gobe zan kai ka ka ba shi haƙuri."

Na ce, "Baba, ni zan ba shi haƙuri?"

"Haka ake yi. Ƙarami ke bayarwa ko shi aka cuta. Ni zan yi maganar, kai dai ka tsuguna ka ce a yi haƙuri. Shi ya ce ba komai, shi ke nan an binne."

"Da Ɗanlami za a binne ko daban?"

Ya ce, "Kada ka kunyata furfurata."

Na ce to, zan je.

Da safe babur na bakin ƙofa, robobin na nan naɗe a kariyarsa, don tun ranar da su yake ɗaure kaya. Na tsaya na warware mai bawul ɗin, na dunƙule ta a hannu. Muka tuɓe takalma muka shiga. Akawu na nan, malaman duba-gari na nan, an kira su su shaida masinja ya rusuna. Baba Iro ya tsuguna da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga yaronka. Ƙuruciya ce. Ya gane kuskurensa, a dube shi don Allah." Ya jawo mani ƙafar wando don in tsuguna.

Malam Sada ya jingina da kujera yana murmushi, ya ce, "To, muna ji."

Ban tsuguna ba. Na taka har gaban teburinsa, inda masinja ba ya zuwa sai an kira shi, na ajiye robar a gabansa. Ban ce ranka ya daɗe ba.

Na ce, "Malam Sada, ba haƙuri na zo bayarwa ba. Ka san wannan, ga bawul ɗinta. Ban ce kai ka kashe Ɗanlami ba, don ni ina tsoron in ɗora wa mutum gawa. Kai ba ka ji tsoro ba. Ka san inda ka je ranar, na san inda na je. Kai ka ci tuwon suna a Kankara, ni na sha ruwan rafi, sannan ka ce fura na sha. Tsohon da ya tufatar da ni da hannunsa yau yana tsine mani saboda bakinka. Ban yafe ba. Ko liman ka aiko, ban yafe ba. In kora ce ka kore ni, in Sabuwa za ka jefa ni ka jefa, ina da ƙafa ina da keke. Amma akwai ranar da za a sake tara mu, ni da kai da Ɗanlami, ranar ba a yi da Turanci, kuma ba wanda zai ja mani riga. Ajiye robar nan da kyau. Za a tambaye ka ita."